Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa wajen haɗa fallen rufe rauni

Duk shekara idan lokacin kundin kammala karatu ya zo, sai ɗakin gwaje-gwaje ya cika da farantai ana shanya falle. Wannan ya narkar da kitosan, wato garin da ake fitarwa daga ɓawon jatan lande, waccan ta dama sitacin rogo da ƙaro, wancan ya tsiyaya ruwan ganyen dogonyaro cikin jelatin, danƙon da ake dafowa daga fata da ƙashin dabba, kuma burin kowa ɗaya ne, wato ya samar da abin rufe rauni mai arha daga kayan da Allah Ya hore mana. Ina goyon bayan wannan buri ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin wankin ciwo ya ga yadda ake ɓamɓare busasshiyar auduga daga jikin yaron da ya ƙone ba zai raina wannan bincike ba. Abin da ya ishe ni shi ne kurakuran ba sa canjawa. 'Yan bana suna faɗawa ramin da 'yan bara suka faɗa, na kuma gaji da bin mutum ɗai-ɗai ina maimaita magana ɗaya.

Da yawa suna fara aiki ba su tsai da irin raunin da suke nufi ba. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai kowane iri ne, Malam." Babu wannan abin a duniya. Ƙunar ruwan zafi da ta tsaya a saman fata daban take da gyambon ƙafar mai ciwon suga, ɗinkin tiyata kuma daban yake da mikin wanda ya daɗe a kwance. A 1962 George Winter, a Ingila, ya yi wa aladu ƙananan raunuka, ya rufe wasu da leda ya bar wasu a iska, sai ya ga sabuwar fata ta rufe masu danshin da saurin da ya kusa ninka na busassun. A 1963 Hinman da Maibach suka ga haka a jikin mutum. Tun daga nan aikin abin rufe rauni ya zama daidaita danshi: kada miki ya bushe, kada kuma ruwa ya taru ya jiƙe fatar gefe har ta yi fari ta ruɓe. Lamke da abokan aikinsa a Suwidin sun auna a 1977 cewa lafiyayyar fata na fitar da ruwa kimanin giram 204 a kowace murabba'in mita a yini, amma mikin da ya fara tofo da jan nama yana fitar da sama da giram 5,000. Shi ya sa ake yawan neman fallen da tururi zai ratsa shi da giram 2,000 zuwa 2,500 ga irin wannan mikin. Siririn falle ba ya shan ruwa da yawa, wurinsa rauni marar zurfi. Aljinet kuwa, da ake tatsa daga ruwan-ƙasar ciyawar teku, yana iya shan ninki 15 zuwa 20 na nauyinsa, don haka ya dace da miki mai zubar ruwa, amma ka ɗora shi kan busasshen rauni sai ya manne. Ka zaɓi rauninka tukuna, shi zai gaya maka kayan haɗi da kauri da gwajin da za ka yi.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, asid ɗin da ake bari cikin fallen kitosan.

Kitosan ba ya narkewa a ruwa zalla. Sai an sa masa asetik asid, wato asid ɗin da ke cikin binega, yawanci kashi 1 cikin 100, sannan ya saki jiki. Ɗalibi zai zuba a faranti, ya bushe, ya ɗago falle garai-garai, ya ɗauka asid ɗin ya bi iska. Wani ya bi, amma mai yawa yana nan maƙale a jikin kitosan. Buɗe ledar da aka adana fallen ka kai hanci, tsamin zai buge ka. Ka ɗiga masa ruwa ka danna takardar awon pH, wato ma'aunin tsami, a kai, za ka gan ta ta koma ruwan lemo, wajen 4 ko sama kaɗan.

Wata ɗaliba da na duba aikinta, yarinya mai ƙwazo wadda takan riga kowa zuwa, ta haɗa kitosan da ruwan wani ganye, ta yanka ƙananan ƙawanya ta ɗora kan farantin da aka shuka Pseudomonas aeruginosa, wato ƙwayar da ke sa miki ya yi kore. Washegari ga fili fetal kewaye da kowane yanki, babu abin da ya tsiro. Ta shigo ofis tana cewa, "Malam, ganyen nan fa ya yi aiki!" A kan wannan sakamakon aka gina sauran binciken, aka kwashe kuɗin da muka daɗe muna nema aka aika samfur nesa don a gwada shi kan ƙwayoyin halittar fata. Da amsa ta dawo, yawancin ƙwayoyin sun mutu. Ƙa'idar ISO 10993-5, wadda ake bi wajen gwada gubar kayan asibiti, ta ce idan waɗanda suka rayu ba su kai kashi 70 cikin 100 ba, abin na da guba, namu kuwa ko kusa bai je ba. Aka koma aka wanke asid ɗin, aka sake gwajin faranti, sai filin nan ya ɓace ɗungurungum. Ashe duk abin da muka yi ta murna a kai tsami ne yake kashe ƙwayar cutar, shi ne kuma ya kashe ƙwayoyin fatar. Kuɗi sun tafi, zangon karatun yarinyar ya tafi, ta zauna a gabana tana kuka ban da abin ba ta sai haƙuri.

To ku ji da kyau. Duk wanda ya kawo mini hoton faranti ba tare da yankin kwatance ba, wato falle iri ɗaya sak wanda ba a sa masa ganyen ko maganin ba, ba zan karanta shafi na gaba ba. Wani zai ce ai likitoci ma suna wanke ƙuna da asetik asid mai kashi 1 don maganin Pseudomonas. Gaskiya ne, amma su sun san adadin da suka sa da tsawon lokacin da zai zauna. Kai ba ka san nawa ya rage a fallenka ba, sannan ka ɗauki yabon ka ba dogonyaro. Wannan ba bincike ba ne.

Yadda nake yi, ba kuma kowa ya yarda da ni ba: idan fallen ya bushe ina tsoma shi cikin ruwan kostik soda marar ƙarfi, giram 4 a lita, in bar shi ɗan lokaci, sannan in yi ta ɗauraye shi da tataccen ruwa har sai ruwan ɗaurayar ya nuna pH 7. Za ka ga ya yi hazo-hazo, ya tsuke, gefensa na neman kanannaɗewa, don haka sai a shimfiɗa shi a danne gefen kafin ya sake bushewa. Matsalar ita ce wankin yana tafiya da ruwan ganyen da kuma gilisarin, wanda ake sawa don falle ya yi laushi, domin dukansu suna bin ruwa. Shi ya sa ni ba na sa su tun farko. Sai na gama wanki nake jiƙa fallen a ruwan gilisarin, sannan in ɗora maganin da adadin da na auna. Wasu abokan aiki sun fi son turara shi da amoniya don kada su wanke komai. Duk wadda ka bi, ka rubuta pH na ƙarshe a kundinka.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da gwajin farantin kansa. Kitosan da aka wanke ba ya yaɗuwa cikin aga, wato daskararren abincin ƙwayoyin cuta da ke cikin farantin, yana kashe abin da ya taɓa ne kawai, saboda haka rashin ganin fili a kewayensa ba ya nufin bai yi komai ba. Gwajin da ya dace shi ne a haɗa fallen da sanannen adadin ƙwayoyin cuta a ruwa, a girgiza, a ɗebo a shuka a ƙirga waɗanda suka rage. Kuma ƙarfinsa yana fitowa ne idan pH ya yi ƙasa da 6.5, alhali tsohon gyambo yakan haura 7, wani har 8 da ɗoriya. In gyambo ka ce kana yi wa aiki, a wannan yanayin za ka gwada.

Jelatin ma yana da tarkonsa. Yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, ga shi kuma mutane suna gwada shi a kan tebur cikin sanyin fanka su ce ya yi ƙarfi. Saka shi a ruwa mai digiri 37 ka gani ko zai kai awa guda. Dole a ɗaure shi da wani abu. Mafi sauƙin samu shi ne sinadarin gulutaraldihaid, sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin abin da ya rage a ciki guba ne ga ƙwayoyin halitta. Jenifin, da ake samu daga 'ya'yan wani tsiro na ƙasar Sin mai suna gadiniya, ya fi shi sauƙin guba nesa ba kusa ba, amma yana da tsada kuma yana rina fallen shuɗi, ta yadda ba a ganin mikin ta ciki. Masu sa ruwan bagaruwa su tuna abin da majema suke yi da ita. Tanin da ke cikinta shi ke kama fata ya jeme ta, jelatin kuwa daga fata da ƙashi aka dafo shi, don haka in ka kwarara ta gaba ɗaya nan take zai dunƙule. A tsinka ta sosai, a riƙa ɗigawa ana juyawa. Sannan ku karanta jikin kwalba. Jelatin nau'in A yawanci daga fatar alade yake, nau'in B daga ta shanu, akwai kuma na kifi. Majinyatanmu za su tambaya, suna da haƙƙin a ba su amsa ta gaskiya, kuma canja nau'i bayan an gama gwaje-gwaje yana nufin a koma farko.

Haka batun ruwan gwaji. Miki ba ya zubar da tataccen ruwa. Fallen aljinet da aka ɗaure da kalsiyam zai kwana garau a tataccen ruwa, amma da ya haɗu da gishirin jiki sai sodiyam ya kori kalsiyam, fallen ya koma mai yauƙi. Dama haka aka so ya yi a kan miki, amma dole ka san cikin awa nawa zai rabe. Ku haɗa ruwan da ƙa'idar gwajin abin rufe rauni ta EN 13726 ta tanada: giram 8.298 na gishiri da giram 0.368 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu a lita ɗaya, a digiri 37. Ba shi da tsada ko kaɗan. Ƙarfin fallen ma a jiƙe za a auna shi ban da na bushe, tunda a jiƙe zai yi aikinsa.

Abu na biyu da ya taɓa hana ni barci shi ne yadda ake barin kashe ƙwayoyin cuta sai ƙarshe, in ma an tuna da shi ke nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibi zai gama awon ƙarfi, awon shan ruwa, awon tururi, sannan ana saura mako guda a fara gwajin dabbobi ya zo yana tambaya yadda zai tsabtace fallen. Sai ya jefa a tukunyar tururi mai matsi, digiri 121 na minti 15. Jelatin ya narke, aljinet ya yi laƙwas, kitosan ya koma ruwan ƙasa ya yi gautsi. Da ya ga haka sai ya koma ga dabarar ragwaye, ya ajiye shi ƙarƙashin fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta na rabin awa ko ya tsoma shi a sifirit mai kashi 70. Hasken UV a sama yake tsayawa, ba ya shiga ciki, ba ya zagayawa ƙasa. Sifirit kuma ba ya kashe ƙwayoyin da ke shiga ƙoƙo su yi kwanto, irin su Clostridium, dangin da ke kawo tetanus mai sarƙe haƙora. Ku tuna daga inda kayanmu suke fitowa. Ƙaro a jikin itace ake ɓamɓaro shi a dajin Yobe ko Jigawa, a zuba a buhu. Rogo a bakin titi ake shanya shi. Ɓawon jatan lande daga kasuwa kuka kwaso shi. Zuma ma, da kowa ke ganin ba abin da ke rayuwa a cikinta, tana iya ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa zumar da aka yarda a sa a miki a asibiti sai an ratsa ta da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ke ratsa abu ya kashe ƙwayoyin cutar ciki.

Wani yaro da ke aiki a ƙarƙashina ya ɗauki fallensa ya kai wa maƙwabcinsa ɗan acaɓa da salansa ta ƙona a ƙauri. Ban sani ba sai da ƙafar ta kumbura, mugunya ta taru a ƙarƙashin fallen, mutumin ya fara zazzaɓi. Ni na kai shi asibiti, ni na tsaya gaban iyalinsa, aka kuma dakatar da aikin ɗakinmu har sai da aka gama bincike. Allah Ya taƙaita, ƙafar ta warke. Da na tsare yaron sai ya ce, "Malam, ai duk kayan halitta ne, ba kemikal a ciki." Wannan magana ita ce ta fi ba ni tsoro, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Abin da ya fito daga tsiro ko dabba abinci ne ga ƙwayar cuta. Ka rufe ɗanyen miki da shi, ga ɗumi ga danshi, ka haɗa mata duk abin da take so. Ba ku da izinin ɗora abin da kuka haɗa a jikin kowa, ko ƙaninku ne, ko ku da kanku. Wannan hurumin kwamitin ɗa'ar bincike ne da likitoci, sayarwa kuma sai da rajistar NAFDAC. Wanda na sake kamawa da irin wannan ya nemi wani mai duba aikin.

Tun ranar farko ake zaɓar hanyar tsabtacewa. Hanyoyin da masana'antu ke bi su ne hasken gama, wanda adadinsa da aka saba shi ne kilogire 25, ko iskar etilin oksayid. Akwai cibiyar hasken gama a Sheda kusa da Abuja, akwai wata a Kwabenya ta Akara, sai a tuntuɓe su da wuri. Gama yana yanyanka dogayen sarƙoƙin kitosan da aljinet, ƙarfin falle ya canja, shi ya sa duk awon da zai shiga kundi bayan tsabtacewa ake yin sa. Idan ba hali, abin da nake yi shi ne in tsabtace kowane ruwan haɗi ta hanyar da zai jure, in zuba in busar cikin akwatin iska mai tsabta, in rufe a nan ciki, sannan in yanki samfur in jefa a romon renon ƙwayoyin cuta in jira kwana 14. In romon ya gurɓace, duk zubin ya tafi shara. Kuma ko an kashe bakteriya, gubar da ke jikin ɓawonta ba ta mutuwa da zafin tukunya, tana iya tayar da kumburi da zazzaɓi, don haka tsabta tun wajen ruwa da kwanuka take farawa.

Yanayin garinmu ma yana ɓata sakamako ba a lura. Fallen da aka auna a Janairu, lokacin da hunturu ya sauke laimar iska ƙasa da kashi 20, zai karye ƙaras. Shi ɗin dai a Agusta zai yi laushi ya miƙe, in gilisarin ya yi yawa har fumfuna ta fito masa. Sai ka ga an jera lambobin biyu a tebur ɗaya ana cewa haɗi ne ya bambanta su. Ƙa'idar awon ƙarfi tana son digiri 23 da laima kashi 50. In ba ku da ɗakin da ke riƙe wannan, ku narkar da maganiziyam naitiret har ya ƙi narkewa, ku sa a gindin tukunyar gilashi mai murfi, zai ba ku wajen kashi 53. Falle ya kwana biyu a ciki kafin a taɓa shi.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin lokaci. Gilisarin ya tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 30 na nauyin busasshen garin, in ya haura haka sai danƙo. Kada a zuba kitosan kai tsaye cikin aljinet ko ƙaro, cajinsu kishiyar juna ne, abin da za ku samu gudaji ne irin na kokon da aka dama da gaggawa. A yi su hawa-hawa, ko a tsinka a ɗiga sannu. A bar ruwan haɗi ya kwana kumfa ta kwanta kafin a zuba, domin kowace kumfa rami ce. Farantin gilashi yana riƙe falle, na roba ya fi sakin sa. A duba teburin shanya da ma'aunin magina, in ya karkace gefe ɗaya zai fi kauri. Kada zafin oben ya wuce digiri 40, jelatin ma gara a bar shi a zafin ɗaki. A auna kauri a wuri biyar aƙalla. Wanda ya dafa kitosan da kansa daga ɓawon jatan lande ya auna ko kashi nawa ya juye daga kaitin, wato ainihin sinadarin ɓawon da ake mayarwa kitosan, ya kuma tabbatar furotin bai rage ba, saboda masu borin jini da abincin teku. Azurfar da wasu ke sawa a falle tana kashe bakteriya, tana kuma kashe ƙwayoyin fata in ta yi yawa. Zubi ɗaya ba sakamako ba ne, a yi uku daban-daban. A kuma sayo na kanti, Tegaderm ko Kaltostat, a gwada su kafaɗa da kafaɗa da naku.

Sai ɓeraye. Fatar ɓera sako-sako take, akwai siririyar tsoka a ƙarƙashinta da ke jawo bakin rauni ya haɗe, alhali mutum yawanci sabon nama da sabuwar fata ne ke cike masa gurbi. Ko ba ka sa komai ba raunin lafiyayyen ɓera zai tsuke cikin mako biyu ko kusa da haka, sai ɗalibi ya rubuta cewa fallensa ya warkar da kashi 98. A 2004 Galiano da abokan aikinsa suka fito da dabarar ɗinke zoben silikon kewaye da raunin don hana fatar jawowa, ita nake sa ɗalibaina su bi. A samu amincewar kwamiti kafin a aske ko da ɓera ɗaya, a ba su maganin ciwo, a ware su kada su cinye fallen juna. A bar rukunin da ba a sa wa komai ba da rukunin da aka sa wa na kanti. Hoto a ɗauke shi da rula a gefe, daga tazara ɗaya, da haske ɗaya, kuma wanda zai auna faɗin mikin kada ya san wane ɓera ne aka ɗora wa wane falle.